Na Ajiye Sandar Limanci, Ban Ce Lakarmu Matacciya Ce Ba

Da sunan Allah nake farawa, Mamallakin tudu da ruwa da abin da ke rayuwa a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ina yi wa Edita da masu karatu sallama, ina kuma roƙon a ba ni wuri a wannan shafi da mutane ke kawo labarin abin da ya same su. Nawa labarin zai ɗan saɓa wa waɗanda na saba gani, domin mafi yawan masu rubutowa suna kuka ne a kan abin da suka aikata, ni kuwa na zo da abin da na ƙi aikatawa, da abin da ƙin ya jawo mini. Akwai nadama a cikinsa, zan nuna inda take idan na iso wurin, amma ba a inda mutanen garinmu suke so in ajiye ta take ba.

A shekarun da nake magana, ni ne limamin Juma'a na wani gari da ke bakin tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da ƙasar Ngaski. Limancin gadonsa na yi daga mahaifina, amma ba gado kaɗai ya zaunar da ni ba, domin na yi yawon karatu tun ina saurayi, na durƙusa gaban malamai a Yelwa da Gwandu da Sakkwato, na sami fiƙihu da nahawu da ilimin rabon gado gwargwadon abin da Allah Ya hore. Idan rikicin aure ya tashi, ko na iyakar gona, zaurena ake zuwa, kuma a kan abin da na faɗa ake watsewa. Musulmi suna zuwa, Kiristocin garin suna zuwa, har masu bin addinin kakanni daga cikin Gungawa da Kambari sukan zo, don sun san ba na duba goshin mutum in ga ko akwai tabon salla kafin in gaya masa gaskiya. Asalin garinmu yana ƙarƙashin ruwa. Ina yaro ƙarami aka datse kogin Kwara, aka kwaso mu cikin jirage aka kawo mu tudu, muka baro gonaki da tsamiyoyi da kaburburan kakanninmu. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san cewa mu mutane ne da aka taɓa ce wa mu matsa domin ci gaba, muka matsa, wutar da aka datse ruwan dominta kuwa ta bi waya ta saman kanmu ta tafi birane.

Abu guda tafkin ya mayar mana, shi ne laka. Kowace shekara idan sanyi ya wuce, ruwa yakan fara ja da baya sannu a hankali, ya bar shimfiɗaɗɗen fili mai baƙar ƙasa da danshi, wanda ba ya neman taki, ba ya jiran ruwan sama. A nan ake dasa dankali da albasa, a shuka masara da wake da kuɓewa, a kwashe amfani kafin ruwa ya dawo ya rufe wurin. Da yake ruwa yana shafe kowace iyaka duk shekara, babu mai gona tasa ta dindindin a cikin laka. Saboda haka iyayenmu suka kafa wata al'ada tun hawowarmu tudu, muna kiranta rabon laka. Ranar da ƙasa ta yi ƙarfin ɗaukar ƙafa, mai gari da sarkin ruwa da liman sukan fita da gorar tuƙa jirgi, da ita ake awo. Duk murhun da ake hura wuta a kansa a garin yana da rabo, ba a tambayar addinin mai shi. Matan da mazansu suka rasu su ake fara auna wa, a kusa da gari, don kada su yi doguwar tafiya, sannan a bar hanyar da shanun Fulani za su sauka mashaya. Aikin liman shi ne ya buɗe da addu'a, ya kuma tsaya shaida cewa gorar ba ta gajarce wa wani ta tsawaita wa wani ba. Mahaifina ya yi wannan tsayuwa, ni ma na yi ta har gemuna ya yi fari. Babu takarda, babu turke, babu shinge. Wanda ya zo lokacin cikar ruwa tafki zai gani, wanda ya zo bayan an kwashe amfani zai ga fili babu kowa.

Kada wani ya zaci ni maƙiyin masu zuba jari ne. Na daɗe ina faɗa a kan mumbari cewa ƙasarmu tana da ruwa da kifi da shinkafa da albasa, abin da ta rasa shi ne mai dukiyar da zai zo ya zauna da mu. Na ga albasa tana ruɓewa a bakin hanya saboda motar da za ta ɗauke ta ta maƙale a taɓo. Na ga masunta suna sakin kifi a wulaƙance da rana tsaka, don babu inda za su sanyaya shi ya kai gobe. Na yi sallar gawar samarin da ramin haƙar zinariya ya rufta da su, da ta waɗanda jirgi ya kife da su a hanyar kasuwa, na kuma san talauci ne ya tura su. Masu kuɗi sun taru a manyan birane da bakin teku, kamar Allah bai halicci ƙasa a inda kwalta ta ƙare ba. Saboda haka ranar da mai gari ya aiko mini cewa wani kamfani yana so ya kafa gonar shinkafa ta zamani da injin casa a wajenmu, sujadar godiya na yi.

Suka zo da motoci, aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ce Liman ya buɗe taro. Na ɗaga hannu na yi doguwar addu'a, na roƙa musu albarka da nasara, jama'a suna amsawa da amin. Ga nadamata ta farko: na roƙi albarka ga aikin da ban tambayi inda za a dasa shi ba. Mutumin da ya tsufa yana koya wa ɗalibai cewa ba ya halatta a shiga al'amari sai an san hukuncin Allah a cikinsa, shi ne ya ga rumfa da kujeru ya manta. Sai daga baya na ji cewa masu awonsu sun riga sun zo, sun tashi ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Zuwansu na farko ruwa suka gani, da suka dawo suka ga fili babu bukka babu iyaka, sai suka yanke cewa wurin ba na kowa ba ne. Shirinsu shi ne su gina jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa da za ta tare ruwa, su kewaye lakar gaba ɗaya da waya, su riƙa noma ta rani da damina.

Wakilin kamfanin ɗan ƙasarmu ne, mahaifinsa ma na san shi. Ya yi boko mai zurfi, yana kuma da rabonsa na karatun addini, ba jahili ba ne. Ya zo zaurena wata rana bayan azahar, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ni da Allah gafarta Malam, ya ajiye goro da turare. Ya ce izinin hukuma suna da shi, amma shugabanninsa ba sa son fara aiki sai jama'a sun yarda a bainar taro, mai gari kuwa ya gaya masa cewa mutanen nan ba za su saki laka ba sai sun ji daga bakin Liman cewa shari'a ta yarda. Abin da yake nema kaɗan ne, in ji shi. In tashi a taro in ce lakar matacciyar ƙasa ce wadda ba mallakar kowa ba, kuma ai na fi shi sanin babin da malamai suka yi a kan cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa shi ya fi cancantarta. Ya yi murmushi ya ce ko ni ba zan iya nuna masa mutum guda da zai dafa wani yanki ya rantse nasa ne ba. Ya ƙara da cewa za su gina sabon masallacin Juma'a da fitila mai aiki da hasken rana, kuma babban ɗana yana cikin waɗanda za a fara koya wa tuƙin tarakta.

Na ce masa farkon babin ya karanta mini, bari in ƙarasa masa. Matacciyar ƙasa ita ce wadda ta kuɓuta daga mallaka, ta kuma kuɓuta daga amfanin mutane. Abin da ke kewaye da gari kuwa, inda mutanensa ke kiwo da itace da shayar da dabbobi, malamai sun kira shi harimin gari, haƙƙin jama'a ne baki ɗaya, ko shugaba ba ya yanka wa wani shi idan hakan zai cutar da su. Da ya kasa samun mutum guda da zai ce lakar tasa ce, dalili shi ne ta kowa da kowa ce. Ƙasar da ke ciyar da gari duk shekara, in na kira ta matacciya na yi shaidar zur, kuma na yi ta da rawani a kaina. Ban tsaya ga ƙi kawai ba. Na ce ga tudu nan bayan gari, daji ne da ba a noma, wannan kam su raya shi, su ja ruwa da inji. Ko su kafa injin casarsu, su ba manoma iri da taki, su sayi abin da aka girbe. Ko su shiga lakar a matsayin abokan tarayya, kowane murhu ya riƙe rabonsa a cikin amfanin. Ya saurare ni har na gama, sannan ya gaya mini gaskiya, na kuwa yaba masa a kan haka. Ya ce jan ruwa zuwa tudu yana cin mai, tarayya da gari guda kuwa ba abin da masu jarin za su karɓa ba ne, kuma akwai wani gari wajen Shanga da ke roƙonsu su je. Da zai tashi ya ce Baba Liman ya yi tunani, kada jikoki su taso su ji cewa arziki ya zo har ƙofar gari, limaminsu ya kore shi.

A cikin gida ma ban sami sauƙi ba. Uwar 'ya'yana ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba. Ta ce dai Malam ya tuna yaron nan ya dawo daga kudu hannu rabbana bayan an ƙwace masa babur ɗin da yake haya da shi, ga mata ga 'ya'ya, yana kwana yana tashi babu abin yi, kuma tun da aka ambaci tarakta ta ga ya fara cin abinci kamar mutane. Wannan magana ta fi ta wakili nauyi a kaina. Na yi istihara, na sake buɗe littattafaina ina neman ƙofa, domin wallahi da na sami fuskar da zan halatta da ita ba tare da na yi wa Allah ƙarya ba, da na bi ta da gudu. Ban samu ba.

Aka tara gari a ƙofar mai gari bayan la'asar. Mai gari ya yi jawabi, wakili ya yi nasa, ya jero alherai: aiki ga samari, gyaran hanya, ɗakin shan magani. Sannan mai gari ya juyo ya ce Liman ya sanya albarka. Ya zaɓi wannan lafazi ne don ya sauƙaƙa mini, domin da na ɗaga hannu na yi fatiha na zauna, da an wuce wurin, kowa ya ɗauka na yarda. Na san haka, shi ma ya san na sani. Na miƙe tsaye. Na ce ina maraba da baƙi da dukiyarsu, amma an nemi in shaida cewa laka matacciya ce, ni kuwa da idona na ga gora tana auna wa marayu abinci a cikinta, don haka ba zan iya ba. Na ce wanda yake so ya bayar da rabon murhunsa na bana, nasa ne, amma babu mai ikon bayar da na maƙwabciyarsa, balle na waɗanda ba a haifa ba. Sai hayaniya ta taso daga baya inda samari suke. Wani ya tambaya ko Liman zai riƙa ba su albashi daga goron ɗaurin aure. Wani ya ce tsoho ya ƙare rayuwarsa cikin laka, yana so su ma a binne su a ciki. Wani kuma ya ce dillalan albasa ne suka saye ni.

Duk wannan bai taɓa ni ba sai da ɗana ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Baba ya yi masa gafara, amma shi tun tasowarsa yake ganin rabon laka, bai ga ta kai yaro ko ɗaya karatu mai zurfi ba, bai ga ta kai mai naƙuda asibiti ba. Tana hana mutum mutuwa da yunwa, amma ba ta fitar da shi daga talauci, su kuwa sun gaji da rayuwar da iyakarta kada a mutu. Akwai gaskiya a maganarsa, shi ya sa ta yi mini zafi. Sai na amsa masa da abin da bai dace uba ya faɗa ba. Na ce wanda aka yi renonsa da dankalin laka, yau ya hango tarakta ya raina abin da ya gina masa jiki, kada ya ƙara kirana Baba a gaban mutane. Wannan ita ce nadamata ta biyu, ita ce kuma mafi nauyi. Hukuncin da na faɗa daidai ne, wulaƙancin da na haɗa shi da shi kuwa daga son zuciyata ya fito. Ya sunkuyar da kai ya fice daga taron.

Daga ranar sahu ya fara raguwa a bayana. Ranar Juma'a sai in ga samari sun hau babura sun tafi wani gari salla. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga karatun zaure. Aka yaɗa cewa na fifita waɗanda ba sa salla a kan ginin ɗakin Allah. A ƙarshe mai gari ya kira ni, ya ce Malam shekaru sun ja, ga ciwon gwiwa, me zai hana in huta na'ibi ya riƙa jan salla. Na ce masa gwiwar da ta kawo ni zaurensa za ta iya kai ni mumbari, ranka ya daɗe, a faɗi abin da ake nufi. Sai ya ce ko dai in gyara maganata a huɗuba mai zuwa, ko in ba da sanda. Na aika gida aka ɗauko sandar huɗuba, wadda mahaifina ya riƙe kafin ni, na ajiye ta a gabansa. Ba don na yarda ina da laifi ba ne, ban dai so masallaci ya rabu biyu saboda ni ba. Na'ibin, wanda ɗalibina ne, a gabana ya koyi alwala, shi ya tashi a taro na gaba ya faɗi abin da ake so a faɗa. Ban zage shi ba, yana da nasa tawilin, Allah ne zai yi mana hukunci. A bayansa nake salla har yau, a sahun farko, don kada a ce fushi ya hana ni jam'i, don kuma ya riƙa ganina duk lokacin da ya juyo bayan sallama.

A kwanakin da zaurena ya zama kufai, mutum guda ya zo mini jaje. Wata tsohuwa ce daga Gungawa, mai bin addinin kakanninta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta girme ni, a jirgi ɗaya aka kwaso mu ranar ƙaura, kuma har yau ba ta daina tuna mini cewa na yi ta kuka ina kiran Inna har muka sauka ba. Ta tsaya daga ƙofa ta ce ta ji an sauke ƙanenta, to ita ba ta taɓa bin sallata ba balle ta ce ta yi rashi, ta zo ne ta ga ko ina kuka irin na jirgi. Na ce mata Yaya, wanga karo idona a bushe yake. Ta ce madalla, tun da yanzu ba ni da aikin yi in zo in taya ta dashen dankali, in an bar mata inda za ta dasa. Muka yi dariya. Sannan ta ce ruwa ya ci garinmu na fari, amma shi ruwa yana da kunya, yakan dawo mana da wani abu duk shekara, shinge kuwa ba ta taɓa jin ya ja da baya ba.

Aka gina jinga, aka ja waya. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take: shinkafa ta yi kyau, injin casa yana aiki, samari da dama sun sami abin yi, an gyara hanya har bakin kwalta, sabon masallaci ya tashi kuma fitilarsa ba ta mutuwa. Masu jiran in ce kamfanin ya karye don in nuna wata karama tawa su yi haƙuri, bai karye ba, ban kuma taɓa roƙon ya karye ba. Amma gora ta daina fita. Matan da ake fara auna wa, yanzu su ne ke tsayuwa a ƙofar shinge da safe ana zaɓen masu ƙarfi don cire ciyawa, tsofaffi a ce su koma gida. Shanu sun rasa mashaya suna ratsa gonakin tudu, rikicin da a da ba mu san shi ba ya fara shigo mana. Wanda ke da ɗa a kamfani ya ci gaba, wanda ba shi da kowa ya koma baya, kuma waɗannan na biyun ba su ne ake ba dama su yi magana a taro ba.

Bayan girbin farko, ɗana, wanda ya daina biyowa ta zaure sai dai ya gaida mahaifiyarsa ta ƙofar baya, ya aiko da buhun shinkafa daga abin da ake ba ma'aikata. Uwarsa ta dube ni tana jiran abin da zan ce. Ban mayar masa ba, don kada in ƙara masa rauni a kan rauni. Ban kuma bari an dafa a gidana ba, don ba zan iya haɗiye abin da ya tsiro a wurin da na shaida haƙƙin wasu ne ba. Na ɗora buhun a baro, na bi gidajen matan nan da kwano ina auna musu, na fara da tsohuwar nan. Ta ce yau kuma sadaka Liman ya kawo wa wadda ba ta salla. Na ce ba sadaka ba ce, dankalinta ne ya dawo da wata kama. Labari ya kai kunnen ɗana, na zaci zai daina aikowa, girbi na gaba sai ga wani buhun. A tsakanin nan na taka da ƙafata har gidansa na nemi gafararsa a kan kalmar da na jefe shi da ita a taro, na kuma gaya masa a zaman nan cewa hukuncin laka yana nan yadda na faɗe shi. Ya ce ya yafe, shi ma ra'ayinsa yana nan. Bana da aka yi girbi bai aiko kowa ba. Shi ya turo baron da kansa, ya tsaya ƙofar zaure da rigar aikin kamfani a jikinsa, ya ce Baba ya ɗauko kwano, gwiwar Baba ba ta turin baro ba ce, shi zai tura baron, ni in auna.

Abin da na koya, nake kuma son isarwa, ga shi. Ku masu dukiya, ku zo, ƙasashenmu na nesa da teku suna buƙatarku, akwai halal mai yawa a cikin shinkafa da kifi da albasa, kuma wanda ya kawo injin da ya hana amfanin talaka ruɓewa yana da lada. Amma kafin ku ce wuri ba na kowa ba ne, ku sauko daga hoton sama, ku tambayi wa ke ci daga wurin a watannin da ba ku nan. Ku masu gari, yardar waɗanda suka fi ƙarfin murya ba ita ce yardar gari ba. Ku kuma 'yan'uwana malamai, ku na fi ji wa tsoro. Kada ku ɗaga hannu a kan abin da ba ku bincika ba, kamar yadda na yi a ƙarƙashin rumfa, kada kuma ku gauraya gaskiya da cin mutunci, kamar yadda na yi wa ɗana. Ku sani talakan da ba shi da takarda, bakin malami ne shingensa na ƙarshe, kuma mai zuwa ya saye shi ba da mummunar fuska yake zuwa ba, da goro da turare da alkawarin masallaci yake zuwa.

Kwanan baya wasu dattawa suka zo suka ce komai ya wuce, in na yarda na ce a gaban jama'a na yi kuskure a fatawata, za a mayar mini da sanda. Na yi musu godiya, na ce kuskurena guda biyu ne kuma na riga na tuba daga gare su, na ukun da suke nema ban aikata shi ba. Sandar tana hannun wani, Allah Ya ba shi ikon riƙe ta da gaskiya. Gorar awo kuwa tana jingine a zaurena, na karɓo ta daga gidan sarkin ruwa ranar da na ji za a sare ta a hura wuta. Ban sani ba ko za ta sake taka laka ina raye. Amma in aka sake tara gari gobe aka ce in sanya albarka, zan miƙe da gwiwar nan tawa in maimaita abin da na faɗa, domin akwai wata tsayuwa a gabana wadda ba mai gari ne zai yi tambaya a cikinta ba. Allah Ya sa mu cika da imani, Ya raya ƙasarmu da arzikin da ba a gina shi a kan rabon marayu ba. Wassalamu alaikum.

Daga wani dattijo a bakin tafki.